Ƙugiyar Shafi na Talatin da Ɗaya

Samaru, 3 ga Maris, 1975

Ƙanwata Lucia,

Bayan gaisuwa, ya aiki a shagon? Littafin tarihin Baba ya iso, kofi hamsin ba ɗaya. Bugun ya yi kyau, amma akwai kuskure a shafi na 31. Na rubuta "ƙarar da Yaya Sebastian ya yi a kan gonar Baba". Ke kuma kin bar ta "karar", ba ƙugiya a kan harafin farko. Mai karatu zai ɗauka kawaici ya yi ya bar mini gonar, alhali kotu ya kai ni. Shekara biyu na yi ina auna kalmomin littafin nan. Zan dawo miki da su ki gyara kafin ran Lahadi, ranar addu'ar tunawa da Baba.

Yayanki, Martin

Sabon Gari, 5 ga Maris

Yaya Martin, malamin nahawu,

Na gaishe ka. Ka san tafiretata ba ta san Hausa ba. Kowace ƙugiya da hannu na sa ta, shafi arba'in, har idona ya fara ganin biyu-biyu.

Kofi na hamsin yana Muchia wurin Yaya Sebastian. Jiya ya zo shago da shi a hannu, ya buɗe shafin nan ya karanta a tsaye, sau biyu. Ya ce, "Martin ne ya rubuta wannan da kansa?" Na ce e. Shekara shida rabon da in ji sunanka a bakinsa.

Alƙalami yana nan. In ka ce a gyara, aikin awa ɗaya ne.

Ki huta, in ji masu kirki. Kai ba ka taɓa ce mini ba.

Lucia

Muchia, 6 ga Maris

Zuwa ga Martin,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na karanta littafin. Ka kawo Baba yadda yake, har da tarinsa kafin ya fara addu'a.

Game da shafi na 31, ni da kai mun san ban yi maka kara ba. Ka rubuta abin da ya kamata in yi, kuma shi 'ya'yanmu za su karanta. Na ji kunya. Zan zo ran Lahadi. Bayan addu'a mu je gonar da igiyar awo mu raba ta.

Yayanka, Sebastian

Samaru, 7 ga Maris

Lucia,

Na gaishe ki. Kada ki taɓa shafin nan.

Jiya na bi littafin layi-layi daga farko har ƙarshe. Ban sami wata ƙugiya da ta ɓace ba sai wannan.

Ki huta lafiya.

Martin