Ragon da Ya Ƙi Yankuwa

Mandawari, cikin Birnin Kano.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah ya sa makwancinki ya fi ɗakinki na nan gida sanyi da yalwa.

Surukarki Binta ta sauka ranar Talata. Namiji ne. Har yanzu yana numfashi.

Kin san a lungunmu ba a sayen ragon suna sai ana gobe suna. Kin sha ce mini, "Ba a riga Allah zuwa kasuwa." Bayan rasuwarki, ni mai allo da boko, na ce camfi ne, na sayo nawa tun Binta na da tsohon cikin fari. Yarinyar ba ta kai suna ba. Cibiya ta kumbura, baki ya ƙulle, ta kasa kama nono. Na biyu kuwa aka zubar da dakashi, nonon farko, kamar yadda aka saba, aka ɗura masa ruwan rijiyarmu, gudawa ta tafi da shi.

Ragon yana nan a turke. Ya yi ƙiba, ƙahonsa ya nannaɗe. Duk gidan nan shi kaɗai ya ƙaru.

Bara na je Kaduna wajen autarki Ladi, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. 'Ya'yanta duk suna nan, suna cinye albashin ubansu. Na duba ko ta fi Binta ibada ko layu, ban gani ba. Famfo na gani a ƙofar gida, da ungozoma mai dafa almakashi kafin ta yanke cibiya. A ƙauyen Kawu kuwa, can bayan Ƙofar Mazugal, ba a lissafa yaro cikin 'ya'ya sai ya tsallake ƙyanda. Ƙasa ɗaya, Sarki Allah ɗaya. Amma aljanun nan masu ɗauke jarirai, Inna, da alama famfo suke tsoro.

Ina tuna yadda kike lulluɓe randa da tabarma in duba-gari ya shigo, ki cika masa hannu da goro, yana fita ki ce, "Ruwan da ya raini ubanka ba zai kashe ka ba." Mu yi ta dariya. Rijiyar tana nan inda kika bar ta, tsakanin masai da kududdufi. Ba ba'a nake miki ba. Waɗanda kika kai maƙabarta sun fi waɗanda kika aurar, kuma ban taɓa jin kin yi wa Allah ƙorafi ba.

Ranar haihuwar nan na dafa sabuwar reza, na miƙa wa Gwaggo, ƙanwar ubana, ta bakin labule. Ta ce, "Ɗan nan, boko ta cinye ka." Ko da rezar ta yanke cibiyar, ban sani ba. Kullum sai in leƙa cibiyar.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A jinyarki ta ƙarshe kin riƙe hannuna kika ce kada in bar gidan ubana, a nan aka binne cibiyata. Na ce to. Inna, na kama haya a Fagge, kusa da famfo. Gobe zan fita da mai jego ko arba'in ba ta yi ba, unguwa ta faɗi abin da za ta faɗa. Ki yafe mini.

Da ragon za mu tafi.

Allah ya jiƙanki, ya haɗa ki da ƙananan da suka riga ki da waɗanda suka biyo ki. Shi kuma ragon nan, Allah ya sa ranar Talata a yanka shi.

Ɗanki da ya tsaya,
Sule.