Gansakuka a Kan Sunan Mama

Yaya Tatsuo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ciwon gwiwar?

Na ɓoye maka ne don na san za ka hana ni: ƙauyenmu aka turo mu aiki. Muna bin busasshiyar gansakukar nan mai mannewa a duwatsu da itatuwa, domin tana riƙe gubar da ta kore mu shekara goma sha uku ke nan. Kwamfutar hannu ce ke zaɓar wuri. Mu je, mu ɗauki hoto, mu kankaro kaɗan, sai ɗigo mai nuna yawan gubar ya fito a taswira.

Ciyawa ta fi ni tsayi a ƙofar gidanmu. Amma lasifikar gari har yau tana kaɗa ƙararrawar sha biyun rana. Jiya na tsinci kaina ina sauri, wai kada abinci ya huce.

Ƙanwarka,
Chizuru

Yaya,

Ina gaisuwa, a shafa mini kan yara.

Ranar Talata na'urar ta kai mu maƙabarta, daidai dutsen kabarin gidanmu. Gansakuka ta cinye sunan Mama, saura harafi ɗaya. Dutsen da Baba ke wankewa duk bazara yana yi mata hira!

Shugabanmu, tsoho Kumagai, ya ce, "Ke 'yar nan, na'ura ba ta san kowa ba. Miƙo wuƙar in yi miki." Na ƙi. Na kankari abin da ake buƙata, na sa a leda, na rubuta lamba. Sai hannuna ya ƙi tsayawa, har na kankare dutsen tas. Na ɓata awon baɗi ke nan, don ba sauran gansakukar da za a gwada. Tsohon ya juya baya yana duban duwatsu.

Kusa da sunanta akwai filin da Baba ya bar wa kansa, babu rubutu. Shi kuwa shekara tara tulun tokar gawarsa da aka ƙona yana cikin kabad ɗinka a birni.

Yau sakamako ya fito. Ɗigon rawaya ne, ba ja ba, don haka an yarda iyali su shiga na awa biyar.

Na san ka rantse ba za ka ƙara taka ƙasar nan ba. Ba sai ka sauko daga mota ba. Ka kawo Baba bakin shingen shiga ƙauyen kawai, ni zan rungumo shi zuwa wurinta.

Taka har kullum,
Chizuru