'Ya'yan Guguwa

Litinin, 3 ga Yuni, 2024

Guguwa ta fara jini yau da safe. Na gani a bakin ƙofar ɗakin girki. Ta tsufa, wannan karon ne na ƙarshe, na sani. Sau biyu ina kai ta barbara ina kuskure lokaci. Ita kaɗai ta rage cikin karnukan farautar da Baba ya bari. In ta mutu ba ta haihu ba, shi ke nan, irin ya ƙare a hannuna.

Alhamis, 6 ga Yuni

Yaya Zaidu ya kira daga Yamai. Wai in haɗa ta da karen Turawa na wani Alhaji a nan Dogon Dutsi, 'ya'yan za su yi kasuwa. Bayan na tashi daga sarwis, ofishinmu na kula da dabbobi, na je na gani. Ƙaton kare ne kam, amma a ɗaure yake, yana ta haki, kuma da ya miƙe sai na ga ƙafafunsa na baya suna lanƙwashewa. Ciwon ƙugu ne, ana gadonsa. Ba zan sa wa 'ya'yanta wannan ba.

Na tuna Baba ya taɓa bai wa wani makiyayi, Baffa Mani, ɗan kwikwiyo a wajen Dogon Kiriya. Ko irin yana nan?

Asabar, 8 ga Yuni

Maƙwabciyata ta dawo mini da kwanon dambun da na aika mata, ba a taɓa ba. Wai abincin gidan mai kare ne. Na ci rabi, Guguwa ta ci rabi.

Litinin, 10 ga Yuni

Bana ba zan yi cinke ba. Na ɗebi jininta, na sa a cikin kula mai ƙanƙara, na ba direban Yamai ya kai labo, ɗakin gwaji. Sinadarin furojestaron za su auna, shi ke nuna ranar da ƙwai ya sauka. Direban ya ce, "Madam Amatullahi, jinin wa ne?" Na ce na wata marar lafiya ce.

Talata, 11 ga Yuni

Sakamako ya zo ta waya. Da saura. A sake aikawa jibi.

Na samu lambar Baffa Mani wajen wani mai rigakafin shanu. Da na ce ɗiyar Inusa maharbi ce, sai ya ce, "Allah shi jiƙan Inusa. Jikan karen nan yana nan, Duna muke ce mishi. Taho, ɗiyata."

Juma'a, 14 ga Yuni

Sinadarin ya hau. Ƙwai ya sauka, jibi ya kamata a haɗa su. Jibi kuwa Sallar layya. Da ma ba ni da inda zan je.

Asabar, 15 ga Yuni

Direba biyu suka ƙi ɗaukarmu. Na ukun ya ce sai dai bayan mota, wajen buhuna. Can na zauna da ita a cinyata, fasinjoji na leƙowa. Daga Dogon Kiriya amalanken jaki ya ƙarasa da mu ruga.

Duna siriri ne, ja, ƙirjinsa mai zurfi. Na duba haƙoransa, na matsa ƙugunsa, na sa aka kora shi ya yi gudu. Lafiya lau. Ba su yi kusancin jini da zai dame ni ba. Yadda yake karkata kai in ana magana, sak karnukan gidanmu na Lugu. Na juya baya kada a ga idona.

Lahadi, 16 ga Yuni

Sun haɗu da hantsi, ana dawowa daga idi.

Da azahar Inna Afra'u, matar Baffa, ta ajiye akushi ta ce, "Sa hannu." Na ce bari in samu wani kwano, na taɓa kare. Ta miƙo mini buta da sabulu ta ce, "To mi? Wanke ki taho. Mu da wa ke tsaron tumaki, in ba karnuka ba?" Rabon da in ci abinci kwano ɗaya da wani tun sadakar arba'in ɗin Baba.

Laraba, 19 ga Yuni

Jiya an sake haɗa su, yau muka dawo. Gida tsit. Ƙarar firiji kawai.

Litinin, 15 ga Yuli

Na shafa cikinta. Akwai. Na ɗauki waya in faɗa wa wani, na yi ta bin sunaye har ƙasa. Baffa na kira. Na ji Inna tana guɗa daga nesa.

Juma'a, 16 ga Agusta

Uku. Na farko ya zo ba rai, na yi ta murza shi da tsumma, bai motsa ba. Na binne shi gindin darbejiya ana yayyafi. Biyun suna tsotso, mace da namiji, jajaye. Na zauna a ƙasa kusa da su har la'asar. Baba, ga su nan.

Juma'a, 6 ga Satumba

Inna Afra'u ta shigo gari da ƙwaryar nono, wai ta zo ganin jikoki. Ta kwana biyu. Ta ce miyata ba gishiri, ta sake mini jeren tukwane, ta yi munshari. Da ta tafi na bar tabarmarta a shimfiɗe.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Jiya na kai musu namijin, rabon Duna. Ana girbin hatsi, na taya Inna ɗaure dami har bayana ya ƙage. Ta ce in komo ran sunan jikarta, in zo da zanen anko.

Yaya Zaidu ya kira yanzu. An samu gurbin aiki a Yamai, kusa da su, in na yarda a mayar da ni. Ya ce, "Me kika ajiye a Arewa? Ke kaɗai kamar mayya." Na ce ya bari sai an yaye kwiyakwiyi.

An yaye su tun makon jiya. Ban faɗa masa ba.