Ruwan Kifin Baba Ya Koma Kore

Anti, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki yi mini dariya.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko ƙawata da muke zama benci ɗaya: na gaji da kifayen Babanmu. Akwai ranakun da idan na dawo daga makaranta na hango tankin nan daga bakin falo, sai in ji ina ma a ce na tarar an ɗauke shi. Daga nan sai in kalli Baba a kujerarsa, kunya ta rufe ni, in ajiye jaka in ɗauko soso.

Shekarata goma sha shida. Ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye, a baki ba na iya haɗa kalma uku a gaban baƙo, shi ya sa idan na samu takarda ba na sanin inda zan tsaya.

Baba mai haɗa gilashin tagogi ne. Da hannunsa ya yanka gilashi ya haɗa tankin, tsawonsa kamar teburin karatu. Ya zuba yashi da duwatsu da wani busasshen icce, ya shuka tsirran ruwa na gaske, ba na roba ba. Akwai masu faɗin ganye da duhun kore, waɗanda ya ɗaure a jikin iccen da zare. Akwai dogaye sirara masu rausaya. Akwai ƙananan da ke yawo a saman ruwa. Ranar hutu sai ya zauna da ɗan almakashinsa yana yi musu aski. Mama kan ce da ya kula da gashin kansa yadda yake kula da ciyawar nan, da bai yi sanƙo ba. Shi kuma ya ce ai ciyawar ba ta mayar masa da magana.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun dama da ƙafar dama sun daina aiki, likita ya ce idon daman ma ganinsa ya ragu. Magana ta tafi, saura kalma ɗaya tak: "to". A ba shi magani, to. A tambaye shi ko ruwan wanka ya yi zafi, to. Yaya ya karɓi shago, Mama ta mayar da keken ɗinkinta ɗakin baya, ita ce ɗaga shi, ita ce kwantar da shi. Ni kuma kifaye suka faɗo kasona.

Da aka ajiye kujerar Baba kusa da taga don ya sha iska, sai na lura kullum wuyansa a karkace yake, yana neman tankin a can lungun da yake. Na roƙi Yaya, muka rage ruwan, muka jawo shi gefen taga, daidai gaban Baba. Anti, ni mai karanta littattafan soyayya ce, ba zan ɓoye miki ba. A cikinsu idan mutum yana kwance ba lafiya, sai yarinyar ta shigo ta yaye labule, haske ya cika ɗakin, ya buɗe ido ya kira sunanta. Abin da na hango ke nan. Na hango Baba yana ganin kifayensa tar, har bakinsa ya buɗe.

Fitilar da Baba yake amfani da ita wata 'yar doguwa ce mai raunin haske, ya rataye ta da sarƙa can sama da ruwan. Na ce ina mai ido ɗaya da rabi zai ga wani abu da wannan? Na tara kuɗin tarana na sayo mai ƙarfi, wadda mai shagon ya ce babu ta biyunta, na ɗora ta daidai bakin tankin. Na kwashe ƙananan tsirran saman ruwa don suna tare haske. Akwai wani baƙin kwali da ke manne a bayan gilashin, na cire shi. Akwai wani tsohon tawul da Baba kan yafa a gefen tankin da rana, na wanke shi na ninke na sa a durowa, don a zatona na goge hannu ne. Ina kunna fitilar kafin in tafi makaranta, ba a kashewa sai za a kwanta. Duk abin da na yi sai na tambaye shi ko ya yi, sai ya ce to.

Makon farko abin ya yi kyau har na kusa kuka. Akwai wasu kifaye biyu da na sa wa suna Dokta da Malama, don a littattafai yawanci su ne ke auren juna a ƙarshe. Suna ta walƙiya a cikin hasken nan.

Daga nan sai gansakuka ta fara. Da farko ɗigo-ɗigo a jikin gilashi, sai wani gashi-gashi a bakin ganyayyaki, sai ruwan kansa ya koma kore. Yanzu idan Dokta bai manno hancinsa da gilashi ba, ba a ganinsa. Malama kuwa ta shige ƙarƙashin icce ba ta fitowa sai cin abinci. Masu faɗin ganyen nan sun yi baƙi-baƙi, wasu sun huje. Da na ga tsirran suna mutuwa sai na ce ƙila hasken ne bai ishe su ba, tunda an koya mana a aji cewa da haske tsiro ke rayuwa. Na ƙara buɗe labule. Na ƙara wa kifayen abinci don su ji daɗi su fito.

Kullum ina kankara. In goge yau, jibi ta dawo. Yatsuna sun yi yaushi, ƙarni ba ya barin hannun rigata, har ƙawata ta tambaye ni ko mun fara sayar da kifi. Yaya idan ya shigo sai ya ce sannu da aiki, shugabar masu noman gansakuka, yaushe za a yi girbi? Littafin da na aro ya yi wata a ƙarƙashin matashina, na bar masoyan cikinsa a tashar mota ana ruwan sama, ban san ko yarinyar ta hau motar ba.

Jiya Mama ta ce ta gaji. Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce jarrabawata ta matso, ita ba ta da hannu na uku, kuma mutumin da aka yi abin dominsa ba ya ganin komai a ciki sai koren ruwa. Ƙarshen watan nan Kawu zai zo da motarsa ya ɗauki tankin ya kai wa wani mai kantin magani da ya daɗe yana so. Ta faɗa a gaban Baba. Ya ce to. Amma Anti, na ga hannunsa na hagu ya damƙe hannun kujera har jijiyoyi suka fito.

Wannan tankin shi kaɗai ya rage a gidan nan wanda har yanzu nasa ne. Idan na rage haske, Baba ba zai gani ba. Idan na bar shi, gansakuka ta rufe komai, ba zai gani ba. Wane irin haske ne daidai? Kuma mugun hali ne in ji rabin zuciyata tana son Kawu ya zo?

Na rubuta wannan na yaga, na sake rubutawa na yaga. Ba ni da wanda zai kai miki sai Yaya, shi ke wucewa ta ofishin jaridarku idan zai je sarin gilashi, kuma na san sai ya ɗaga ambulan ɗin a rana ya ce wane ne saurayin. Ga shi can yana neman makullin shago. Bari in liƙe in ba shi kafin in canza shawara.

Taki,
Mai Soso da Bokiti

*

'Yata Mai Soso,

Ban yi dariya ba, sai a wurin Dokta da Malama, kuma wannan ki yafe mini.

Gajiya ba mugun hali ba ce. Mai mugun hali ba ta tsayawa kallon jijiyar hannun mahaifinta. Kin gaji ne don kina aikin da ba ya ƙarewa, kuma dalilin rashin ƙarewarsa yana ɗore a bakin tankin.

Na yi shekaru ina kiwon kifi a falona, ni ma na taɓa mayar da ruwa kore. Abin da aka koya muku a aji gaskiya ne, amma rabi ne. Tsiro yana amfani da haske ne gwargwadon abinci da iskar da yake samu a ruwa. Duk hasken da ya wuce haka, gansakuka ce ke cinye shi. Fitila mai ƙarfi ta masu shuka jajayen tsirrai ce da masu shimfiɗuwa a ƙasa, waɗanda ake hura wa iska ta musamman daga tukunyar gas. Irin na Babanki, masu kauri da duhun ganye, 'yan inuwa ne. Kin ɗauko masu son inuwa kin tsayar da su a rana, kin ƙara musu fitila a ka, kin cire musu hula.

Ki sake karanta wasiƙarki, amsar tana ciki. Sarƙar nan, da tawul, da baƙin kwali, da tsirran saman ruwa, ba tarkace ba ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana sa wa mutane taga ya san abin da rana ke yi idan ta ratsa gilashi. Ya riga ya auna haskensa tun kafin ya kwanta.

Ki fara da canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan, da ruwan da ya kwana a bokiti. Ki yanke ganyen da suka lalace. Sannan ki kashe fitila, ki lulluɓe tankin da bargo na kwana uku, ki bar injin tace ruwa yana aiki, ki bar ƙofar iska ta sama. Kifi ba sa tsoron duhu, Malama ma za ta gode miki. Ki gaya wa Baba dalili kafin ki rufe, kada ya zaci sallama ce. Bayan nan tsohuwar fitila ta koma kan sarƙarta, awa shida zuwa bakwai a yini sun isa, kuma ki zaɓi awannin da Baba yake farke a kujera. Tawul ya koma gefen taga, kwali ya koma baya, ki nemo tsirran saman ruwa. Abinci kuwa ɗan abin da za su cinye nan take. Idan bayan mako biyu sabon ganye ya fito tsaf, kin dace. Idan gansakuka ta leƙo, ki ɗaga fitilar sama kaɗan. Idan tsirran suka yi tsawo suka koɗe, ki sauko da ita kaɗan.

Damuwarki a kan idon Baba tana kan hanya, maganin ne kika juya. Ba a ƙara wa tanki haske don a gani, ɗakin ake rage wa. Ki ja labule rabi, ki matso da kujerarsa, ki juya ta yadda tankin zai kasance ta ɓangaren idonsa na hagu. Fitila mai rauni a ɗaki mai inuwa, da baƙi a baya, za ki ga yadda kifi ke fitowa.

Yanzu Mama. Tana da gaskiya, kada ki mayar da ita muguwar cikin littafi. Matar da ke ɗaga namiji da safe ta zauna kan keke da rana, idan ta ce ba ta da hannu na uku, ki yarda. Ita ma tana kallon yatsunki. Kada ki je mata da kuka, ki je mata da tsari: a ɗaga zuwan Kawu da wata ɗaya, kin daina kankarar kullum, aikin tanki ya koma sau ɗaya a mako, ɗaukar bokiti kuma na Yaya ne, tunda yana da ƙarfin tsokana. Idan watan ya cika ruwan bai washe ba, ki bar Mama ta yanke hukunci, ba tare da kin ɗora wa kanki laifi ba. Idan bakinki ya ƙi buɗewa, ki ajiye mata wannan shafin a kan keken ɗinki.

Abu na ƙarshe shi ya fi duk sauran. Ki daina tambayar Baba da baki, tunda bakin amsa ɗaya gare shi. Hannun da ya damƙe kujera yana da sauran magana. Ranar da za ki rataye fitilar, ki sa Yaya ya matso da Baba, ki ɗora masa sarƙar a tafin hagu, ki riƙe nauyin fitilar, ki bar shi ya ja ko ya sassauta. Inda ya tsaya, nan za ki maƙale. Ban yi miki alkawarin zai kira sunanki ba, 'yata, wannan sai a littafi. Amma zai zama an tambaye shi wani abu a gidansa, kuma ya ba da amsa.

Idan kin gama, ki wanke hannu, ki je ki duba ko yarinyar nan ta hau motar. Allah ya ba Baba sauƙi, ya hutar da Mama, ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Antinki