Sunan da Hamidu Bai Faɗa Ba

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Ɗaurin shekara biyar. Yau sati uku da yanke wa mijina Hamidu hukunci, har yanzu tuwon mutum biyu nake tuƙawa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na je Sakkwato wajen lauya Abdulaziz. Ya ce wanda ya amsa laifi da bakinsa ba ya samun sauƙin ɗaukaka ƙara, sai an nuna ba da son ransa ya amsa ba. Ya tambaye ni ko wani ya matsa masa. Na ce ban sani ba.

Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini. Ina tsaye a wurin lokacin da Baba ya je ganinsa a tsare. Ƙwayoyin da aka samu ƙarƙashin buhunan albasa a hanyar Ƙwanni, lodin Baba ne, Hamidu tuƙi kawai ya yi. Baba ya ce, "Ka amsa kawai, wata ukku ne, na gama magana da mutane." Hamidu yana durƙushe, kansa a ƙasa. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa kallon idon surukinsa ba, balle ya musa masa. Ya ce to.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ranar kasuwa. Baba ya aiko mini da nama. Na ba maƙwabta.

Talata, 6 ga Mayu

Na kai wa Hamidu ziyara a gidan yari. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce ya gaya wa lauya sunan mai kayan. Ya yi wannan dariyar tasa mai ban haushi, ya ce, "Shafa'atu, da wane baki zan kama sunan mahaifinki gaban alƙali?" Kunya! Yau na tsani kunyar nan, kuma ita ce ta sa na so shi tun farko. A mota na yi ta kuka har Gwadabawa.

Laraba, 14 ga Mayu

Inna ta zo. "Mi kike nema, ɗiyata? Ki bar wagga magana. Miji ana sake wani." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban taya ta ba. Ta manta mayafinta.

Litinin, 19 ga Mayu

Na koma Sakkwato wajen lauya, na ce zan faɗi abin da na sani. Takardar rantsuwa shafi biyu ce. Lauya ya ce babu tabbas, kotu na iya ƙi, kuma za a nemi wanda na ambata. Magatakarda ya ce "Baba" bai isa ba, cikakken suna ake so.

Ban taɓa furta shi ba tun da aka haife ni. Alhaji Sahabi Tozai. Muryata ko rawa ba ta yi ba, shi ne abin da ya tsorata ni.

Da na sauka a tasha na biyo ta bayan makarantar allo. Ta ƙofar gidan Baba ya fi kusa, amma ai rana ta yi zafi ta can.