Ginshiƙi na Uku

Juma'a, 9 Maris 2018

An taso daga sujada a cocin Jebel Ali nan Dubai, awa ɗaya ƙwal, Indiyawa na jira a bakin ƙofa su shiga tasu. Kawu Ɗanladi, shugaban kwamitin cocinmu na Anglican a gida, ya kira. Wai tunda zanen gini ne aikina a Dubai, in zana musu sabuwar coci irin ta zamani. Kaina ya fasu, ba zan yi wa littafina ƙarya ba.

Talata, 17 Afrilu

Na tura zanen. Gilashi gabas da yamma, rufi mai tsayi. Harrison, abokin ɗakina a unguwar Muraqqabat, ya leƙa ya ce, "Habibi, coci ce wannan ko mall na 'yan sayayya?" Hassada ce.

Juma'a, 8 Yuni

Jummai ƙanwata ta turo hoto. Sun rushe tsohuwar cocin.

Cocin da kakanninmu suka gina da tubali a 1948. Katanga mai kaurin kamu biyu, rufin azara, ƙananan tagogi can sama, ko a watan Afrilu ciki sanyi ƙalau. Ginshiƙai goma sha biyu, kowane gida da nasa, shi ke yaɓe shi kafin damina. Namu na uku a hagu. Da shi Mama take jingina tun ranar aurenta, kuma Baba ne ya yi masa yaɓen ƙarshe, sawun yatsunsa na jiki.

Na kira Kawu. Ya ce, "Ɗana, mun duba takardarka sama da ƙasa, ba mu ga tsohuwar a ciki ba. Magina suka ce abin da ba a zana ba, ba ya nan."

Dattijo da furfura, sai an zana masa cocin da aka yi masa baftisma a ciki! Na tsane su duka.

Asabar, 9 Yuni

Ban ci abinci ba.

Juma'a, 26 Afrilu 2019

Sun yi Ista a sabuwar. Jummai ta ce rana ta gilashin nan kamar tanda, mata biyu sun suma. Su sha. Wa ya aike su?

Ta ƙara da cewa, "Yaya, Mama da kujerarta 'yar tsugunno take zuwa. A tsakiyar hanyar wucewa take ajiyewa, daidai inda ginshiƙinmu yake. Kawu ya yi magana ya gaji."

Na kashe wayar.

Asabar, 4 Mayu

Na buɗe zanen a ofis. Shekara takwas ina wannan aiki, abu na farko da aka koya mini shi ne a nuna ginin da aka tarar a fili. Filin nan fari tas na bar shi, ina saurin zuwa ga gilashina.

Na zana tsohuwar yau a kan zanen, da ɗigo-ɗigo, ginshiƙai sha biyu. Na uku a hagu ya faɗo a tsakiyar hanyar wucewa. Mama ba ta kuskure ko da taku ɗaya ba.

Ban tura wa kowa ba. Lahadi zan kira in gaida Kawu.