Minti Ukun Baba

Zuwa ga ƙanena Wendell,

Gaisuwa mai yawa daga gida. Ina fata kai da Joanne da yara kuna lafiya, zafin Arizona bai gasa ku ba. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan ƙanƙara ta narke, ƙafar Gwaggo Bernice ta yi sauƙi, Baba kuma yana cin abinci. Ni ce dai raina a ɓace yake, kuma a kanka zan sauke.

Ka san lambun unguwa na Titin Linden, wanda marigayiya Mama ta tara matan coci suka kafa a kan juji shekara talatin da suka wuce. To, majalisar gari za ta miƙa wa Rick Vanderhoof shi ya malala kwalta, baƙin sabon otal ɗinsa su riƙa ajiye motoci. Rick dai abokin nan naka, wanda yanzu shi ne shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa. Har ya gaya wa 'yan jarida wai tumatir ba ya ciyar da gari gaba.

Ran Talata Baba ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci muka tafi zaman majalisa. Ƙa'idarsu tana nan: ka cika kati kafin a fara, a ba ka minti uku. Shi ya cika, ni ban cika ba, don a zatona rakiya na yi. Tun da ya yi shanyewar jiki ka san kowace kalma sai ya yi kokawa da ita. Shafi biyu ya rubuto. Bai kai rabin na farko ba ƙararrawa ta buga, shugabar majalisa, Patrice Olander, ta kashe masa lasifika. Bai ma lura ba, bakinsa na ta motsi, ba mai ji. Na miƙe na roƙi a bar ni in ƙarasa masa. Ta yi mini murmushin nan nasu, ta ce ta tausaya ƙwarai, amma ba ni da kati, doka kuma doka ce. Shi Rick da suka gayyato minti arba'in ya yi yana nuna hotuna, ƙararrawar ko tari ba ta yi ba. Patrice ɗin da ta girma tana cin waken lambun nan!

Ran sha huɗu ga wata za su kaɗa ƙuri'a. Kada ka aiko mini da furanni ko ban haƙuri. Ka hau jirgi ka zo. Sunanka na kan takardar mallakar gidanmu, don haka kana da ikon cika kati. Ni da kai da Baba, minti tara ke nan.

Shi Baba ya ce ba za a sake katse shi ba. Kullum da safe yana kicin da agogon dafa ƙwai mai auna minti uku, yana gwaji yana soke layi. Yau ya kira ni yana murna, wai ya shiga minti uku cif. Na karɓi takardar na duba. Duk inda sunan Mama yake ya soke, don a nan muryarsa ke tsayawa.

Ka gai da Joanne da Corey da 'yar auta Beth. Gwaggo Bernice na gaishe ku. Ka faɗa mini lokacin saukarka, ni zan ɗauko ka.

Yayarka,
Darlene